Furen da ke rufin falona

Ni Sa'adiya ta unguwar Jarwal a Makka ban yi karatu ba, amma ba a kunyata ni a gaban mata in haɗiye.

Ɗana Talal ne ya kawo wani Ba'indiye mai aikin jibis, farar hodar nan da ake kwaɓawa a yi adon ɗaki, Mu'allim Rafiƙ, ya gyara mini rufin falo. Ya yi wani fure babba, ganye kan ganye, yana saukowa kamar zai ɗigo. Ranar Alhamis na tara mata shan shayi don su gani. Kowa "masha Allah", sai Wafa maƙwabciyata ta ɗaga waya tana nuna mini wani hoto.

"Ya khala," ta ce, wato inna, "kin san daga ina aka kwaso wannan? Ga shi nan. Gidan gumaka ne a Indiya!"

Na duba. Wallahi furena ne, sak. A Makka! Ana jin kiran sallar Harami daga tagata! Shayin ya huce babu wanda ya ƙara kurɓa.

Da safe na sa Talal ya jawo mini mutumin, da gudumarsa.

"Faɗa masa ya farfasa. Yau."

"Ummi, bari ya yi bayani mana."

"Ya yi yana fasawa."

Rafiƙ ya yi ta magana da gurgun Larabcinsa, Talal yana gyarawa. Wai wurin sunansa Ranakfur, na wasu mutane ne da ake kira Jain, ya haura shekara ɗari biyar. Farin dutse ne tun daga ƙasa har sama, ƙofa huɗu, kowacce na kallon kusurwarta. Wai ko tururuwa ba sa kashewa, malamansu sai sun share hanya kafin su taka, kuma ba a shiga da takalmin fata.

"To ni ina kashe kyankyaso da takalmi. Ina ruwana?"

Wai shi Musulmi ne, kakansa ma haka, amma a can kakan ya yi gyaran dutse, a hannunsa ya koyi furen. Gumakan suna can, bai kawo ko ɗaya ba.

"Kawo tsani," na ce.

"Ummi, gwiwarki!"

Na hau da kaina. Na bi ganyen nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa ina neman ido, ko hanci, ko kunne. Babu. Fure ne kawai, irin na jikin darduma.

Ina saman tsanin na ji raɗa a bakin ƙofa. Wafa ce, ba ta gan ni ba.

"Mu'allim, in ka gama da ita ka zo gidana. Irinsa nake so, amma ya fi nata girma."

"Ke Wafa! Gumakan ne kike so su fi nawa girma?"

Ta tsere ta bar takalmi ɗaya. Rafiƙ yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce a can ginshiƙai dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da huɗu ne, kuma babu biyu masu kama da juna.

"Ashe suna da hankali," na ce. "Ina abin da ka zuba furena a ciki?"

Ya ɗauko mazubin daga mota. Na sa ya aza shi a tsakiyar titi, daidai ƙofar Wafa.

"Jiya na rantse sai guduma ta yi aiki. Bismillah."

Ya dubi Talal. Talal ya dubi sama. Na karɓi gudumar na nufi mazubin.