Lissafin Zafi

Ƙarfe ɗaya na rana ta gota, ruwan safe ya ɗauke, rana ta fito da ƙarfinta, babbar kwatar unguwar Nima ta fara turo wari har cikin ɗakuna. A lokacin ne kwamfutar Zulkarnaini ta sake mutuwa.

Lissafin digirinsa na biyu ne a cikinta: yadda zafi ke ratsa abubuwa biyu da aka manna, ɗaya ya buɗe fiye da ɗaya, har mahaɗarsu ta gaji. Malaminsa a jami'a ya ce ya turo sakamako kafin la'asar, in ba haka ba sai baɗi. Ita kuwa kwamfutar, da lissafin ya kai rabi sai ta ɗau zafi ta yi ɗif.

Ya kwance bayanta da bakin wuƙa. Abin da ya gani ya sa ya ja baya. Kyankyasai ne suka mutu a cikin fankar, sun soyu, sun manne da ƙwayayensu. Ya riƙa zaƙulo su da tsinken tsintsiya yana kawar da kai. Ya hura, ya kunna. Fankar ta ƙi juyawa.

Mma Awabu, mai gidan da yake haya, wadda ke sayar da sobolo, wato zoɓo, da ƙanƙara a ƙofar gida, ta leƙo.

"Zulu, mene ke wari kamar an gasa ɓera?"

"Mma, zafi ne ya kashe mini aiki."

"Ba kai ka ce zafi kake karantawa ba? Duk shekarun nan? A Nima kyauta muke samun shi."

Ta fita, ta dawo da ƙullin ƙanƙara yana ɗiga, ta nufi teburin.

"Kar ki sa!" ya daka mata tsawa. "In ta huce farat ɗaya, dalmar ciki za ta tsage. Abin da nake lissafawa ke nan! Don Allah ki fita da ƙazantar ruwan nan."

Ta dube shi, ta dubi gawarwakin da ke kan takardunsa, ta taɓe baki ta fita.

Ya sake tayar da lissafin, ya zauna ya zuba wa allon ido. Ƙarfen ya fara zafi a ƙarƙashin yatsunsa. Sai ya ji iska a gefen hannunsa, mai ƙarnin kifi da toka. Mma Awabu ce zaune kan bokiti, da maficin da take hura gawayi.

Lambobin suka kai rabi. Suka wuce. A waje wani yana ta kiran mai sobolo.

"Ƙasa kaɗan," in ji Zulkarnaini, bai ko juyo ba.

Ta sauya hannu, ta sassauto da maficin.