Taku Tamanin Daga Kukar Sada

A shekara ta tara da samun 'yancin kai aka ce a maido da burtalin shanu da ke tsakanin Ikara da Makarfi bisa tsohon awon Turawa. Mamuda, ma'aikacin safiyo a Kaduna, shi ya rubuta wa kwamfuta umarnin aikin a kan katunan da ake hudawa. A cikin umarnin ya tsara aji guda, wato samfurin da kowane wurin awo zai bi, ya sa masa suna Ɗigo. Kowane ɗigo yana riƙe da lamba biyu, nisansa gabas da nisansa arewa daga Kukar Sada ta Furana, kuma ya san yadda zai mayar da kansa kan sabuwar taswira. Ɗigo dubu uku suka koma, babu wanda ya ƙi.

Da taswirar ta fito, burtalin ya ratsa tsakiyar fadamar kawunsa Maiwada.

Mamuda ya zo Furana da sarƙar awo. Sau uku yana aunawa daga gindin kukar. Lissafi daidai.

"Kawu, Baturen daga nan ya fara awo?"

"Daga Kukar Sada dai."

"To, ai ga ta."

"Yanzu ita ce. Ta farin, tsawa ce ta kayar da ita, ana goyonka. Mu nan in itace mai suna ya faɗi, na kusa ake ba sunan. Ba a barin suna a ƙasa."

"Ina take a da?"

Maiwada ya yi yamma, taku tamanin, ya tsaya cikin gonar dawa. Matarsa Mairama ta ɗaga murya daga bakin rijiya.

"Malam, ka wuce wurin! Kai da ko takalminka sai na nemo maka."

Kuka ba ta barin kututture. Sun tona wuri biyu, ƙasa ce kawai.

Gyaran na kati ɗaya ne, a sauya lamba biyu na mazaunin kukar, ɗigo dubu uku su ja da baya. Mamuda ya huda katin ya kai wa shugabansa.

"Ina shaidarka?"

"Dattawan gari, ranka ya daɗe."

"Wato kawunka. Takarda ta ce Kukar Sada, na je na ga Kukar Sada. An riga an buga hatimi."

Ranar Talata aka kafa turakun siminti a tsakanin kunyoyin albasa. Maiwada ya tsaya yana kallo, Mamuda na gefensa.

"Mamuda, ba ka gaya wa injin naka ba ne?"

"Na gaya wa mutane, Kawu."

Katin yana cikin aljihun Mamuda, ya fara lanƙwashewa.