Tsagar da Ta Bi Layi Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ke nan ba wanda ya ba mahaifin Auta aikin gini. Gida bakwai ya gina a layinsu, da katangar makaranta, kuma duk sun tsage. Tun daga nan sunansa ya ɓace, ya koma Mai Tsaga. Ko kofi ne ya fashe a shago, sai wani ya ce, "Mai Tsaga ya taɓa shi ne?" a kwashe da dariya. Ya ajiye cokalin gini, ya koma gadin sito.

Da wannan suna a ranta Auta ta tafi jami'a, ta karanta ilimin ƙasa da duwatsu. Da ta dawo, wata shida ta yi tana bin layin da tef ɗin awo da fensir, har ta ga abin da kowa ke tsallakawa kullum bai duba ba. Tsagar ba ruwanta da magini. Ta ratsa gidajen da babanta ya gina, ta ratsa kwalta, ta shiga ɗakin shan magani da wani kamfani ya gina, a miƙe kamar an ja ta da igiya. Bakin kwata ma ya goce, rabinsa ya yi gaba da faɗin tafin hannu.

Ta ɗauki taswirar tsagar da ta zana ta je wurin shugaban masu gidaje, ta same shi yana tsaye kan mai yi masa filasta.

"Ranka ya daɗe, ɓawon duniya ba guda ba ne. Manyan falalen duwatsu ne, suna tafiya a hankali. Biyu sun haɗu a ƙarƙashinmu, ɗaya na gogar ɗaya. Ko wa ya yi ginin nan, sai ya tsage."

"Wato yanzu gidana tafiya yake?" ya ce. "To ki ce masa ya biya ta kasuwa ya taho min da siminti."

Mai filasta ya yi dariya har kwaɓin ya zube masa a ƙafa.

"Abu ɗaya nake roƙo. A taronku na ranar Asabar ku faɗa a gaban kowa ba laifin babana ba ne."

Fuskar shugaban ta sauya. "In na faɗa, wa zai ƙara kama haya a layin nan? Je ki, 'yata. Karatu ya yi miki yawa."

Haka suke. Sun gwammace su shafe bango sau goma da su tambayi bangon sau ɗaya me ke damunsa.

Ta iske babanta a ƙofar sito da rana tsaka, kan bencinsa. Ta shimfiɗa masa taswirar a cinya. Bai iya karanta rubutun ba, amma magini ya san layi. Ya bi jan zanen da yatsa, gida bayan gida, yana kiran sunan masu su. A kan katangar makaranta yatsan ya tsaya.

"Sau uku na sake tushen nan," ya ce. "Na ɗauka idona ne ya lalace."

"Hannunka lafiya lau yake, Baba. Ni zan tashi a taron in faɗa, ko sun so ko sun ƙi."

Ya ɗago kai daga taswirar ya dube ta.

"Ana gyara ta, ƙasar?"

"A'a."

"Tana tsayawa?"

"Ba ta tsayawa, Baba."

"To gwaggonki da ke gida na uku, da marayunta, ina za su? Yanzu in bango ya buɗe, sai ta zage ni, ta shafe, ta yi barcinta. In kin ce ƙasa ce, wa za ta zaga?"

"Bangon zai faɗo musu wata rana! Barcin nan ne zai kashe su!"

"Na sani," ya ce a hankali. "Je ki faɗa musu su tashi, wannan hakkinsu ne. Amma kada ki sa sunana a ciki. In suka ji wanke ni kika zo yi, ba mai sauraron ki."

Ranar Asabar Auta ta tashi a gaban taro, ta yi bayanin tsagar daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To ubanki fa, shi ba shi da laifi ke nan?"

Ta hango babanta a jikin ƙofa yana girgiza mata kai. Ta mayar da idonta kan mai tambayar.

"Ba maganarsa na zo yi ba," ta ce.