Ƙwallayen Dabinon Inna

Ranar da ƙanena Nasser ya kawo mini sabon fur na kuran, wato tanderun lantarki, irin wanda ake cusawa cikin gini, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Gato, wato kek, nake gasawa ina saidawa, kuma tun da tsohon fur ɗinmu ya ƙone, hayaƙin gawayi ya gama da idanuna.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Malam Tanko mai gyaran kuran ya zo, ya duba wajen kontar, mitar wutar gidan, ya ce disjonkter na tsohon fur, makunnin da ke katse masa wuta, yana nan lafiya lau, kabul ɗinsa mai kauri kuma ya shige bangon madafa. To, ina ya fito? Oho! An yaɓe wurin.

"Ba sai mu jona shi a piriz ɗin bangon can ba?" in ji Nasser.

"Na sajin salula? In kana son gidan ya kama da wuta, bismillah." Malam Tanko ya juyo gare ni. "Hajiya, sai dai in bi bangon da guduma har in same shi."

Bangon nan Inna ce ta yaɓe shi da hannunta, damina ta ƙarshe kafin ta rasu. Sawun yatsunta na nan cikin laka, har da tafinta guda kusa da gurbin fur. Shi ya sa ban taɓa bari an sake yaɓen ba.

Na ce, "Wallahi, Malam, guduma ba ta taɓa bangon nan ina raye!"

"Yaya, ƙasa ce fa," in ji Nasser.

"Ƙasar gidanku! Ɗauki fur ɗinka ka maida."

Na faɗa dai, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son fur ɗin. Na zauna bisa turmi ina hararar bangon. Idona ya sauka kan ƙwallayen dabinon Bilma da Inna ta danna cikin yaɓen, a jere, daga kusurwa suka gangaro. Mu duk ado muka ɗauka. Sai na tuna yadda take tsoron kuran, da ranar da ta make hannuna zan kafa ƙusar rataye ludayi: "Ba kan dabino ba, Souwaiba!"

Ashe hanyar kabul ta yi wa alama! Na miƙe. "Malam, bi ƙwallayen nan."

Ya je ya kashe disjonkter, ya dawo ya bi su da yatsa har ta ƙarshe. Nan ya kankare da wuƙa a hankali, wuri bai fi bakin kofin shayi ba. Sai ga murfin ɗan akwatin da kabul ɗin ya ƙare ciki. Ya gwada, ba kuran, sannan ya haɗa igiyoyin, har da ta ƙasa mai hana fizgar mutum, ya ɗaure tamau. Aka tura fur cikin gurbinsa, aka kunna, fitilarsa ta kama. Alhamdulillahi! Na sauke ajiyar zuciya har Nasser ya yi dariya.

Gato na ciki yana tashi, na ɗora hannuna cikin tafin Inna. Na zabura.

"Malam, bangon da ɗumi! Kabul ɗin ne?"

Ya taɓa, ya girgiza kai. "Kabul lafiya yake, Hajiya. Ɗumin fur ne."

Na maida hannuna cikin nata, ban ɗauke ba har gato ya nuna.