Baftismar Damaris ta Fari

Ni Sisiliya, ungozomar Gidan Tanko, shekara talatin da huɗu ina karɓar haihuwa tsakanin Kura da Bunkure, ban taɓa jin kunyar aikin hannuna ba. Na karɓi 'ya'yan Kirista, na karɓi na Musulmi, na karɓi na Fulanin da ke sauka bayan kanal ɗin ban-ruwa da rani. Abu ɗaya na ɓoye shekara goma sha bakwai, shi ma ba don ina ganinsa laifi ba ne. Na ɓoye shi ne don kada in rasa ƙawata Liyatu.

Coci biyu ne a ƙauyenmu, kusa da juna har muna jin waƙar juna ranar Lahadi. Mu Katolika muna gabas. Mukan kai jariri gaban Fada a zuba masa ruwa sau uku a ka, shi ke nan ya zama ɗan gidan Allah, ko ya sani ko bai sani ba, kamar yadda ba a tambaye shi ba aka haife shi gidan ubansa. Su Liyatu suna yamma. Su sun ce a'a, sai mutum ya yi hankali, ya tuba, ya furta da bakinsa, sa'an nan fasto ya kai shi babban kanal ya nutsar da shi har gashin kai. Nakan tsokane ta in ce su dai wanka suke so, ita kuwa ta ce mu ko wanke fuska ba mu gama koya ba. Tun muna 'yan mata muke wannan, kuma bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Mijinta Habila dattijon ikilisiyarsu ne. Mutumin kirki, ba ya cin haƙƙin kowa, ko ruwan gonar maƙwabci ba ya karkatarwa in ba ranarsa ba ce. Amma in ya kafe a kan magana, gara ka je ka tura bango.

Liyatu ta haifi biyu kafin Damaris, duk a hannuna, duk ba su kai ranar suna ba. Na farin kwana uku ya yi. Ta biyun ta yi biyar. Aka rufe su bayan gida, aka rufe zancen, ba wanda ya ƙara ambatonsu.

Ciki na uku yana wata bakwai da 'yan kwanaki, lokacin tsinkar tumatur, na hana ta zuwa gona ta ƙi ji. Rana tsaka sai ga Aziza, maƙwabciyar gonarsu, ta shigo gidana a guje ko mayafi babu. Na tarar da Liyatu kwance a inuwar kwandunan da aka jibge, jini ya ɓalle, ido ya kakkafe. Yarinya ta fito kamar ɗan tsako, jiki ya yi shuɗi, ba kuka ba motsi. Na share mata baki, na hura, na murza baya. Shiru. Na taɓa cibiya, na ji bugu can ƙasa-ƙasa, yana tafiya.

A koyarwarmu, in rai yana bakin fita kuma ba Fada kusa, kowa yana iya yin baftisma, ko mace ko namiji. Akwai gwangwanin da masu tsinka ke shan ruwa da shi. Na miƙa hannu na ɗebo daga 'yar magudanar da ke bi ta gefen kunya, na zuba mata a ka sau uku, na ce, "Ina yi miki baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Ban rufe baki ba ta yi atishawa, ta tsanyara kuka. Ban ce ruwan ne ya tashe ta ba. Ni ungozoma ce, na san sanyi yakan sa jariri ya ja numfashi. Amma abin da na yi na yi shi, kuma ya tsaya.

Liyatu tana sume, ba ta san kome ba. Aziza ta gani, ta ce, "Allah ya raya," har yau kuwa ba ta faɗa wa kowa ba. Na gaya wa Fadan lokacin, ya rubuta a littafin coci, ya ce in sanar da iyayen. Na ce to. Wannan "to" ɗin ne na yi ta ja har yarinya ta fi ni tsawo.

Wata ranar Alhamis da yamma ina gyaran kuɓewa sai ga Damaris ta faɗo mini kamar an jefo ta.

"Gwaggo, ranar Lahadi ne! Mu tara ne za a yi wa baftisma. Ke za ki riƙe mini zanen da zan rufa in na fito daga ruwa, na riga na gaya wa Inna."

Na ce, "Ni 'yar gabas? Sai su ce na zo leƙen asiri."

"Ai ke kika fara ganina a duniya."

Ta zauna tana karanta mini tambayoyin da fasto zai yi musu a bakin kanal, gaban jama'a. Ko ta gaskata, ko ta tuba, ko ta rabu da Shaiɗan. Duk tana amsa wa kanta da ƙarfi kamar mai gwajin makaranta. Sai ta zo ta ƙarshe: ko an taɓa yi mata baftisma a wani wuri.

"Wannan ce mai sauƙi. In ce a'a."

Wuƙar ta kusa yanka mini yatsa. Su nutsar da ita sau goma bai dame ni ba, ruwan madatsar Tiga ba ya ƙarewa. Amma yarinya ta tsaya gaban Allah da mutane ta faɗi abin da ba haka ba, ni kuwa ina tsaye da zane a hannu ina sane, wannan ba zan iya ba. Na san kuma abin da faɗin gaskiyar zai iya jawo mini. Zai iya rufe mini ƙofar gidan Liyatu, wadda nake shiga ba sallama.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗaura ɗankwalina mai kyau na tafi. Habila yana tsakar gida yana ɗinke bakin buhun shinkafa, Liyatu tana kan tabarma tana tsince wake, Damaris tana hura wuta. Ban zauna ba. Na faɗi maganar daga farko har ƙarshe, da gwangwanin da komai, ban yi kwana-kwana ba.

Habila ya soke basilla a buhu.

"Sisiliya, 'yata kika yi wa haka? A gonata?"

"A gonarka, Dattijo. Da ruwanka ma, ranar ban-ruwanka ce."

"Ba wasa nake ba. Wa ya ba ki izini?"

"Kana Kadawa neman motar ɗaukar tumatur. Uwarta tana sume. Wa zan tambaya, kwanduna?"

Ya miƙe tsaye, ya shiga karanto mini ayoyi da lambobinsu. Cewa wanda ya ba da gaskiya shi ake yi wa baftisma. Cewa binnewa ce tare da Almasihu, kuma ba a binne mutum da ƙasa cikin tafin hannu. Cewa jariri bai san damansa da hagunsa ba. Na bar shi ya kai aya, don na san in ka katse Habila daga farko zai sake ɗaukowa. Da ya gama na ce, "Ku kuna cewa baftisma amsar mutum ce ga Allah. Mu muna cewa kyautar Allah ce ga mutum, ba a kuwa jira yaro ya iya godiya kafin a ba shi nono. Ban zo mu sake raba wannan gardama ba, ta girme mu duka. Na zo ne don kada yarinya ta yi ƙarya ba ta sani ba."

"Ba ƙarya za ta yi ba. Abin da kika yi ba baftisma ba ne, jiƙa kai ne. Za ta ce a'a."

Sai Damaris ta ajiye mafici. Ta dubi babanta.

"Baba, ba zan ce a'a ba, ba kuma zan fasa ba. In ya tambaye ni zan ce an zuba mini ruwa ina bakin mutuwa, ban sani ba, yau kuwa na zo da ƙafata. In fasto ya ce haka bai yi ba, ya faɗa mini da bakinsa."

Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ce a raina, wannan ba banza na hura mata numfashi ba.

Habila ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Abu ɗaya nake so. Ki ce kin yi kuskure, ba za ki ƙara ba. In kin faɗa, magana ta mutu, gidan nan gidanki ne."

"Ɓoyewar kuskure ce, na roƙe ku gafara a kanta. Amma ruwan, Dattijo, in yau aka maido ni gonar nan da gwangwanin nan, zan sake zubawa."

Ya ɗauki hularsa ya ce zai je wurin fasto, kuma kada ya dawo ya same ni. Damaris ta bi bayansa tana ba shi haƙuri. Duk wannan bai girgiza ni ba, na san fushin Habila da tsawonsa. Liyatu ce ta ba ni tsoro. Tun da na fara magana ba ta ɗago ba, hannunta yana cikin waken amma ba ta tsince ko ƙwaya ɗaya ba.

Na durƙusa a bakin tabarmar. Na ce, "Ki zage ni mana, Liyatu. Shirun nan ya fi mini zafi."

Da ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Ta biyun, a cinyarki ta cika. Ina kallo. Ga randa nan kusa da ke."

Na ce, "Haka ne."

"Me ya sa ita ba ki yi mata ba?"

Na shirya wa kowace irin magana a hanya, ban da wannan. Na zo ne a kan za ta ce na yi mata shisshigi, ashe abin da ke cin ta daban ne. Na gaya mata gaskiya. Na ce na so in yi, hannuna har ya kai ga moɗa, sai na ji takun Habila a zaure na ji tsoro. Na ce abin bai bar ni ba, shi ya sa ranar Damaris ban tsaya tunanin kowa ba.

"To in naku ne gaskiya, Yaya, su biyun suna ina?"

Na kama hannunta cikin waken. Na ce, "Na yi wa Fada wannan tambayar ina kuka. Ya ce mu aka umarta da ruwa, ba Allah ba, shi jinƙansa ba ya jiran moɗa. Ku kuma kuna cewa yara ƙanana nasa ne tun asali. Shekara nawa ina ce miki kun ɓata hanya, amma a kan waɗannan biyun ban taɓa yin addu'a ba sai da na roƙa maganarku ta zama ita ce daidai. Suna wurinsa, Liyatu. Da bakina nake gaya miki, kin kuwa san ba na lallashi da ƙarya."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka rufe su. Na bar ta ta yi mai isarta. Wutar da Damaris ta hura ta mutu, ba wanda ya kula.

Da ta lafa ta share ido da bakin zane, ta matso kusa kamar mai tsoron bango ya ji.

"Na sa musu suna. Ko babansu bai sani ba. Namijin Nuhu, macen Keziya. Ba wanda ya taɓa kiransu sai ni, a zuci."

Na ce, "Nuhu. Keziya."

Ta rufe ido. Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, a tsakar gidan Habila. Muka ji motsinsa a zaure ya dawo, na yunƙura zan tashi, sai ta riƙe mini zane ta ce in zauna.