Nonon Da Ya Kashe Tururuwa

Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil a cikin ludayin, can ta yi shiru. Inna Abu ta ɗaga ludayin ta nuna wa matan da suka cika tsakar gida.

"Kun gani da idonku. Nonon ga na da dahi. Jikana ba ya shan shi."

Mutmainna ta so ta ce ko a kunu aka jefa tururuwa mutuwa za ta yi. To amma wace mai jego ce za ta yi musu da uwar miji a haihuwar fari? Mijinta Uwaisu kuwa yana Maraɗi da babur ɗinsa da jarkokin mai, ba a san ranar dawowarsa ba. Tana ji tana gani aka ɗauke jaririn daga cinyarta, aka kai shi ɗakin Inna, aka ɗora shi a kan nonon akuya.

* * *

Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Da yaron ya tsala kuka sai ƙirjinta ya ɗaure, nono ya ɓalle ya jiƙa mata riga, ƙafafunta su kai ta bakin ƙofa tun ba ta yi niyyar tashi ba. Malamar awo ta taɓa gaya musu cewa kukan ɗa da ƙanshin kansa su ke sa ƙwaƙwalwar uwa ta saki sinadarin da ke kawo nono, ya kuma hana ta sukuni sai ta ɗauke shi. A lokacin dariya suka yi. Yanzu ga shi tana tsaye kamar akuyar da aka ɗaure, tana leƙe.

"Inna, ko sau guda in ba shi."

"Ke ko kunya babu? Ɗan fari ne fa! Koma ɗaki."

Matan garinsu Magama masu zuwa barka suna yaba kawaicinta, su ci tuwo su tafi. Ba wadda ta tambaye ta yadda take kwana da ƙirji kamar dutse. In kewa ta ishe ta, takan ɗauko zanen goyonsa daga igiya ta shinshina, ta mayar kafin a gani.

Sannu a hankali ciwon ya lafa. Wata rana da hantsi barci ya kwashe ta, ta farka aka ce yaro ya sha kuka har muryarsa ta dushe. Ba ta ji ba. Wannan ya fi komai tsorata ta.

* * *

Gudawa ta tsotse yaron kafin Uwaisu ya dawo. Ya kwashe su har da Inna a babur sai asibitin Jibiya, suna ratsa layin motocin hatsi masu jiran ƙetare iyaka. Malamar asibiti ta duba maɗigar yaron da ta faɗa, ranta ya ɓaci.

"Wa ya hana shi nono? Ba shi yanzu, a gabana!"

Mutmainna ta karɓe shi. Ba nauyi, sai ka ce ƙunshin tsumma. Ta kai shi ƙirji tana addu'a a zuci. Ya kama, ya ja, ya sake ja. Ta jira ɗaurewar nan da ta sani, ba ta zo ba. Ta matsa da yatsu har ya yi mata zafi, ko ɗigo.

"To, kun gani," in ji Inna Abu daga bakin ƙofa. "Dama can ba na kirki ba ne."

Yaron ya saki. Ya juya kansa a hankali wajen muryar kakarsa, ya buɗe baki.