Hannun Inna a Kan Tanki

Rabi'u ɗan kabu-kabu ne a Matameye, kuma ɗan fari ne a wurin Inna Kaltuma. Wanda ya san matan da, ya san abin da hakan ke nufi. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ta gaya masa magana ba. In ya durƙusa gaisuwa, bango take amsa wa. In tana da saƙo, matarsa Najaha za ta kira: "Ki gaya wa wancan gero ya kusa ƙarewa," alhali wancan ɗin yana tsaye a gabanta yana saka takalmi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna Kaltuma ta riƙe ta da hannu bibbiyu.

Abu ɗaya ne ta kasa dannewa. Kullum in ya tafi sallar asuba, sai ta lallaɓa zaure inda babur ɗinsa ke kwana, ta ɗora tafin hannu a kan tanki, ta yi addu'o'inta ta tofa, ta koma ɗaki kamar ba ita ba. Ta ɗauka ba wanda ya sani. Shi kuwa tun shekara shida da suka wuce ya gani, wata rana da ya dawo da wuri, ya ja da baya ko tari bai yi ba. Bai gaya wa kowa ba, har Najaha. Iyakar abin da yake samu daga uwarsa ke nan, kuma wallahi ya fi son sa da babur ɗin kansa.

Sai aka sace babur ɗin maƙwabcinsa Mansur ranar kasuwa, da rana tsaka, a ɗan tsakanin da ya sunkuya zaɓen albasa. Kafin mako ya zagayo, duk ƴan kabu-kabun tasha sun yi layi a rumfar Cha'ibu bakanike ana saka musu alam, wato abin nan da ke kwarara ihu in an taɓa babur. Rabi'u ma ya bi layi.

Cha'ibu ya ɗaga kujera, ya kwance murfin gefe, ya zaro wani ɗan baƙin akwati mai wayoyi kamar saiwar albasa. Ya haɗa ja da batir, baƙa da jikin ƙarfe, ya fere wayar makulli ya murɗa wata a kai, ya naɗe da tef yana yanka da haƙori. Ya tura akwatin can ƙarƙashin tanki inda hannu ba ya kaiwa, sannan ya miƙa masa ɗan rimot mai madanni biyu.

"Wannan ya kulle, wannan ya buɗe. Yaya kake son jinsa?"

"Ƙure shi. Ko akuya ta goga jiki, in ji."

Cha'ibu ya ƙure. Ya ci gaba da bayani, har da cewa in ka buɗe ba ka murɗa makulli ba, bayan ɗan lokaci abin yana sake kulle kansa. Ina Rabi'u ya ji! Yana can yana danne-danne, babur na cewa kik-kik, fitilu na ƙyaftawa, shi yana washe baki. A ransa ya riga ya gama shiri: in zai fita masallaci ya danna buɗe, Inna ta yi abinta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Haka kuwa ya yi washegari. An sallame, ana cikin addu'a, sai ihu ya tashi daga gidansu, gida uku da masallaci. Wiyu-wiyu-wiyu! Mansur, mai sabon ciwo, shi ya fara zabura, ya wafci sandar wani tsoho yana kiran "Ɓarawo!" Jama'a suka bi shi, wasu ba takalmi. Rabi'u na bayansu yana laluben rimot a aljihu, don shi kaɗai ya san wanda za a tarar.

Inna na tsaye a zaure, mayafi ya zame, hannunta na kan tanki, ta kasa ɗaukewa. Da ƙyar Rabi'u ya sami madannin. Wuri ya yi tsit.

"Inna, ke ce?" in ji Mansur, sanda a sama. "Me kike yi a nan da sassafe?"

"Kaza nake nema," ta ce, kanta a ƙasa.

Gidan kuwa rabonsa da kaza tun ciwon da ya share su bara, kowa a unguwa ya sani. Wani ya yi dariya, wani ya ce ashe tsohuwa ma kabu-kabu take so ta fara. Ba da mugunta suka yi ba. Amma ta ja mayafi ta shige, ranar ko kunu ba ta fito sha ba.

Daga nan ta daina. Rabi'u ya koyi yadda ake kashe abin gaba ɗaya, yana kashewa, yana dawowa da wuri ya laɓe a bakin ƙofa. Shiru. Kwana tara ya ƙirga. Yana kai fasinja Dungu, yana dawo da buhunan wake daga Dawce, babur lafiya lau, shi ne ba lafiya ba. Ba tsoron hatsari yake ba. Ji yake kamar an yi masa rasuwa, ga uwar tana zaune a gida. Kuma ta yaya zai ce mata ta dawo, tunda a ƙa'ida bai san tana zuwa ba?

Rana ta goma ya koma wurin Cha'ibu ya ce a cire.

"A cire? Kai, lafiyarka? Jiya ma an ɗauke wani a bakin asibiti. In ihun ne ya dame ka, in rage masa ji."

"Cire kawai."

Cha'ibu ya cire yana mita, ya ce shi dai ba ruwansa.

Da la'asar Rabi'u ya shigo da akwatin a hannu, wayoyi na reto. Inna Kaltuma na gindin ɗarbejiya tana ɓarar gyaɗa, Najaha na tankaɗe. Ya yar da shi a tsakar gida inda kowa zai gani, ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa wanda ke kusa.

"Najaha, kin ga na cire abin nan. Shan batir gare shi. Yanzu kowa ya taɓa babur, shiru za a ji."

Najaha ta dube shi kamar ya zare. Inna ba ta ɗago ba, ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu.

"Najaha, je ki gidan Hajara ki karɓo mini rariyata."

Ga rariya a hannun Najaha, amma yarinyar kirki ce, ta ajiye ta ɗauki hijabi ta fita. Rabi'u ya juya shi ma zai ba da wuri, kamar yadda ya saba in suka rage su biyu.

"Kai."

Ya tsaya. Ya waiga ko akwai wani a bayansa. Ba kowa. Shi take kallo, a fuska.

"Da babur ɗin nan muke ci. Ka ɗauki abinka ka je a mayar, yau ɗin nan. In za ka masallaci ka kashe shi, ka tabbata ya mutu. Kada ka tambaye ni dalili."

Ya durƙusa ya ɗauki akwatin.

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Inna."

Ta mayar da kai kan gyaɗarta. Shi kuwa ya tura babur ya fito, ya kasa tayar da shi don ba ya ganin hanya, ya tsaya a bakin zaure yana share ido da hannun riga.